Mu Huɗu Muka Ɗauki Saje

Kwana shida ke nan rana ba ta leƙo mu ba. Markar bana ta zo da ƙarfinta, katangar maƙwabta ta zauna, itacen girki ya jiƙe, jikokina sai ƙorafi suke yi wai ba hasken da zai caja musu waya. Jiya da hantsi aka fito da wani magidanci na gidan gaba da ya sare ƙafarsa da fartanya, aka ɗora shi a kan kabu-kabu, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kafin in gama ɗaura kallabi an ce sun kai Illo. Na tsaya a bakin zaure ina dariya ni kaɗai, har jikata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, na tuna shekarar da muka yi wuni guda cur muna kai ƙafa ɗaya wurin magani.

Shekarar mulkin kai ce. Ni ban iya lissafin Turawa ba, amma wannan ba ta ɓace mini. Mutanen Dahome, da muke ce wa ƙasar Faransa, sun sami nasu a tsakiyar damina, mu kuma aka ce namu sai bayan wata biyu. Muna zaune a wata 'yar tunga tsakanin Illo da iyaka, gidaje ba su kai talatin ba, rabi Dandawa rabi Hausawa, ga rugar Fulani a bayanmu. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da ɗiya ɗaya da na yaye, mijina kuwa Saje Bawa.

Saje ya je yaƙin Bama, amma bai taɓa harbin kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Aikinsa ɗaukar waɗanda aka harba. Su huɗu za su saɓa mutum a kafaɗa su hau dutse da shi su sauka, ruwa na dukansu, matsattsaku na shan jininsu ta cikin takalmi, har su kai shi rumfar likita. Daga baya aka bar shi a rumfar yana wankin miki da ɗauri. In ya fara labarin nan yana tufkar igiya, tuwo kan huce a gabansa. Jirgin sama da ke jefo musu abinci da laima, kogin da suka ƙetare da mutum a ka, Bajafanen da ya ɗaure wa ciki alhali jiya shi ya harbe abokinsa. Ni dai labarin ne ya sa na aure shi, ba kyau ba, don Saje baƙi ne gajere, ga faɗa kamar zakaran da aka taka wa wutsiya.

Tun bazara muka san shekarar ba ta wasa ba ce. Bara ruwan Kwara ya cinye shinkafar fadama, tsuntsayen jan baki kuma suka yi wa gero aski, don haka rumbu ya riga ya fara amsa kuwwa in ka yi magana a ciki. Zafi ya yi zafi har kaji na buɗe baki a ƙarƙashin randa. Ruwan fari ya sauka muka yi shuka da murna, sai sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone ƙurmus. Muka sake shuka da ɗan irin da ya rage. Wannan jinkirin shi ya ja mana yunwa ta yi tsawo. Da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon tafasa ko rama da ɗan ƙuli, da yamma in an dace tuwon bado da muke tsinkowa a tafki, ruwa har ƙirji. Na ɓoye dami ɗaya na gero a can ƙuryar rumbu, na rantse ba mai taɓa shi sai ranar da ɗiyata ta kwana ba ta ci komai ba.

Ana cikin noman fari kurkunu ya sauka. Yaran yanzu ba su san shi ba, kada Allah ya nuna musu. Tsutsa ce fara siririya kamar zaren saƙa, tsawonta ya kai kamu biyu. Sai ƙafa ta yi bororo, ta yi zafi kamar an ɗora garwashi, ta fashe, kan tsutsar ya leƙo. Duk shekara yakan kama mutum uku ko huɗu, amma a wannan damina kusan kowane gida akwai namiji kwance, wani ƙafa ɗaya wani duka biyu. Ciyawa ta taso ta fi gero tsawo. Mu mata muka ɗauki fartanya muka yi gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, ciki ba komai, muna waƙa don kada mu ji kukan hanji. Wallahi akwai daɗi a cikin wahalar nan. Ban taɓa jin ƙarfina kamar lokacin ba.

Saje kuwa abin nema ya samu. Ya kafa rumfa a ƙofar gida ya ce asibiti ce, ya fito da tsohuwar rigarsa ta kaki. Kowace safiya guragu za su rarrafo su jeru, ya wanke musu da tafasasshen ruwan gishiri, ya naɗe kan tsutsar a jikin tsinken kara, ya murza kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa, ya ɗaure. Gobe ma haka. Dokarsa ɗaya ce, ba a ja. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta shiga uku. Na ga ya buge hannun dattijo mai furfura don ya kai hannu zai taimaka wa tsinken.

Matsalarsa waɗanda ke nesa, da ba su iya ko rarrafe. Sai ya saro gwangwala biyu dogaye, ya ɗinke tsohon bargonsa na soja a tsakani, ya sa 'yan sanduna a gicciye. Ya ce ga gadon ɗauka irin na Bama. Da ya kai shi gidan wani tsoho mai suna Maikifi, tsohon ya dubi abin, ya dubi Saje.

"Saje, in ka gaji da ni ka hwaɗa mani. Mi nai maka za ka aza ni bisa makara da raina?"

Gaskiyar tsohon ce. A ƙasarmu abu ɗaya ne ake yi da gwangwala mutum huɗu su saɓa, kuma wanda ya hau shi ba ya dawowa. Saje ya yi bayani, ya yi faɗa, ya kwanta a kai da kansa, duk a banza. Ba wanda ya yarda ya hau. Yayarsa, Yaya Tumba, da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da wannan abu a zaure ba. Aka jingine shi a bayan rumbu.

Shi ma mai asibitin, kurkunu bai ƙyale shi ba, ya fito masa a ƙasan gwiwar hagu. Yana murza nasa kamar na kowa, har ranar da ɗan saƙon hakimi ya zo a kan doki ya ce ana son tsofaffin sojoji su yi fareti a Illo ranar mulkin kai, kuma Saje ne zai ja gaba. Ranar nan bai ci abinci ba don murna. Ya fito da lambobinsa ya goge da toka da lemun tsami, yana ɗingishi a tsakar gida yana ba kaji oda. Sannan ya zauna ya ƙidaya kwanakin da suka rage, ya dubi ɗan abin da ya naɗu a tsinke, ya ga lissafi ba zai fita ba. Ina daka na ji ya yi wani ɗan ƙaramin sauti. Da na leƙo na gan shi riƙe da tsinke, guntun zare na reto, ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da ya fasa tulu. Sauri ya haifi nawa.

Kwana uku ƙafar ta zama turmi. Yaya Tumba ta kira wanzami ya yi sakiya, wato ya gasa ƙarfe ya yi ja ya huda kumburin. Warin naman da ya ƙone bai bar hancina ba har yau. Maimakon sauƙi sai abin ya haura cinya, fatar ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Da rana tsaka yana kiran sunayen mutanen da suka mutu a Bama, yana ce musu su riƙe da kyau akwai gangara. Tsoro ya kama ni sosai. Na san in aka ƙara kwana biyu, ko ƙafar ta tafi ko mai ita.

Mutum ɗaya na sani da zai iya, Kafaral Gado, Badandi, a wata tunga ta ƙasar Faransa kusa da Madekali. Shi ma tsohon soja ne, na Faransa, su ke ce wa kofur kafaral. Jamusawa sun kama shi ya yi shekaru a tsare, a can ya koyi jinya, da ya dawo ya yi aiki a ɗakin shan magani har ya yi ritaya, kuma yana da allura. Da can shi da Saje ba a raba su ranar kasuwar Illo, kullum gardamar sojan wa ya fi. Sai wata rana, shekara biyu kafin wannan, bakin Saje ya zarce a gaban jama'a. Ya ce mu mun yi yaƙi, ku kun ɗaga hannu kun tafi cin dankalin Jamus. Kafaral ya gyara jar hularsa ya tashi. Tun ranar ko sallama ba ta ƙara haɗa su ba.

Da hankalin Saje ya ɗan dawo na gaya masa niyyata.

"Kulu, in kik kai ni gidan mutumin ga, ban yahe maki ba."

"To, Saje. Ka warke tukuna, sai ka ƙi yahewa da ƙahwa biyu."

Wanzami ba ya son jarfa, dama na sani. Na jira zazzaɓin ya sake kwashe shi, na zagaya bayan rumbu na jawo gadon ɗauka. Jaki ba zai yiwu ba, ƙafar ba ta lanƙwasuwa, hanya kuma duk ruwa. Sauran masu ɗauka. Na bi tungar gida gida, mazan da ke tsaye da ƙafafunsu ba su wuce tsofaffi biyu da makaho ɗaya ba. Sai Gambi, maƙwabciyata Badanda, wata ƙatuwa mai sussukar shinkafa ita kaɗai, ta ce mu da muka nome gonakinsu, ɗaukar guda ɗaya daga cikinsu zai gagare mu? Dudu, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta ajiye ƙwaryarta ta ce a sa da ita. Ta huɗu Hassi, matar liman.

Yaya Tumba ta tare ƙofa tana kuka, ta ce tun da aka halicci duniya mace ba ta taɓa ɗaukar makara ba. Muka tafi wurin liman, shi ma yana kwance da tsinke a kowace ƙafa. Ya saurare mu har muka gama.

"Gawa anka hana ku ɗauka," in ji shi. "Wanga da rai nai. Mu duka ba ku kunka ɗauke mu wata tara ba? Ku tahi, Allah shi kai ku lahiya."

Gari na wayewa muka ɗora shi. Ana yayyafi, ga ƙudaje sun dame mikin, sai na shiga ɗaki na ɗauko abin rufa ɗaya da ya rage busasshe, farin gwadon aurena, na lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Ko kaɗan ban yi tunanin komai ba. Ni da Gambi a gaba, Dudu da Hassi a baya, muka yi bisimilla muka saɓa.

Ba mu yi nisa ba muka gane ɗaukar mutum ba ɗaukar itace ba ce. Ƙafafunmu suna sauka tare, gadon sai lilo yake yi, kowane taku ƙafar ta bugu da gwangwala. Azabar ce ta farkar da shi. Daga ƙarƙashin gwado muka ji murya, ba ta mara lafiya ba, ta Saje sosai.

"Wane jakin ya koya maku ɗauka? Ku ɓata taku. Na gaba hagu, na baya dama."

Muka gwada muka rikice, Hassi ta taka ɗan zanenta. Sai Gambi ta fashe da dariya ta ce ai lugude yake nufi, taɓarya biyu ba sa sauka a turmi tare. Shi ke nan. Ta ɗauko waƙar daka, mu na gaba mu sauke, na baya su amsa, gado ya daidaita kamar an ɗora shi a kan ruwa. Saje ya yi ajiyar zuciya ya koma duniyarsa ta Bama. Mu kuwa wani irin farin ciki ya kama mu, muna tsula gumi cikin ruwan sama, laka har ƙwauri, muna tafiya kamar masu kai amarya.

Zuwa hantsi waƙa ta mutu. Gwangwala ta saɓule mana fatar kafaɗa, yunwa ta sa ina ganin wuta-wuta. A haka muka iso gonakin wata tunga da kurkunu bai yi wa ɓarna kamar tamu ba. Maza na noma suka ɗago suka ga mata huɗu da farin abu a kan gwangwala. Fartanyu suka zube. Suka sheƙo suna salati, babbansu har da hawaye.

"Subhanallahi, abin ya kai haka? Maza sun ƙare garinku? Ku kawo, ku kawo, ku koma baya."

Na buɗe baki zan yi bayani, Dudu ta mintsine ni a cinya.

"Yi kurum," ta raɗa mini. "Lada suka biɗa, bari su samu."

Allah ya yafe mana, muka yi kurum. Muka bi su a baya muna murza kafaɗu, kai a sunkuye, Hassi ta cusa bakin mayafi a baki don kada dariya ta kuɓuce. Suna ta karɓa-karɓa yadda ake yi wa gawa, wannan ya ɗan taɓa ya ba wancan, wasu na fitowa daga gonaki suna shiga sahu. Sun kai mu nesa, ba laifi, kuma ta hanyar da muke so. Sai muka zo wata mararraba na ga sun karkata dama, wajen wasu itatuwan kalgo, har wani saurayi ya ruga gaba da galma a kafaɗa.

"Malam, ina za ku da shi?"

"Kushewa mana, ɗiyata. Ba a barin gawa cikin ruwa."

Kafin in haɗa kalma biyu, girgizar da suka yi masa da saurinsu ta riga ta yi aikinta. Gwado ya motsa, hannu ya fito ya yaye shi, Saje ya ɗago kai da jajayen idanu ya ce, "Na ce ku ɓata taku." Ban taɓa ganin maza sun watse irin na ranar ba. Allah ya sa Gambi ta yi tsalle ta tare gefen da aka saki, da sun kifar mana da shi a cikin kunyar gona. Babban nasu ne kaɗai ya tsaya. Da ya fahimci zancen ya yi dariya har ya zauna a laka, ya sa aka kawo mana dafaffen wake a ƙwarya. Rabona da abinci mai nauyi irin wannan ya fi wata.

Rafin da ke kan iyaka ya cika, ruwa ja yana gudu. Dudu ta naɗa mana gammo da mayafanmu, muka mayar da gwangwala a ka, muka shiga a jere da ƙafa tana laluben ƙasa. Ruwa ya kai mini wuya, ni ce gajeruwarsu, ina jin Gambi tana ce mini in ɗaga haɓa in bi muryarta. A ƙetare akwai wata bukka da sabuwar tuta a kan gora, da gardi ɗaya mai tsaron iyaka a ciki. Ya fito zai yi tambaya, ya ga abin da muke ɗauke da shi, ya cire hula ya matsa gefe. Wannan karon ma ba mu gyara masa ba.

La'asar sakaliya muka shiga gidan Kafaral Gado. Dogo ne siriri, da jar hula, yana tsugune yana wanke wa wata mata gyambo. Muka sauke a gabansa, na zube don gajiya. Ya gama ɗaurin da yake yi tukuna, ya wanke hannu, sannan ya zo ya ɗaga gwado ta wajen ƙafa. Ya daɗe yana dubawa, yana latsawa, yana sunsunawa, bai ko kalli fuskar ba. Saje ya buɗe ido ya gane inda yake.

"Ni ban ce a kawo ni ba."

"Ni ma ban ce a kai ni Jamus ba," in ji Kafaral. "Ku riƙe mani shi."

Mu huɗun muka danne shi. Ya tafasa wuƙa da almakashi a tukunya, ya tsaga inda wanzami ya huda, abin da ya fito ba na faɗa ba ne. Ya wanke da ruwan gishiri, ya cusa tsumma dafaffe, ya yi masa allura. Sannan ya ɗauko gawayi ya ja layi a cinyar, daidai inda kumburi ya tsaya, ya kira ni gefe. Ya ce in ja ya haura wannan layi, ba sauran abin da zai iya, sai a sa shi a mota a kai shi babban asibiti a yanke. In ya tsaya a ƙasa, to, da sauran magana.

Daga ranar rayuwata ta koma kan layin gawayi. Da asuba kafin in yi alwala sai na ɗaga gwado na duba. Kwana na biyu ja ya taɓa layin. Kwana na uku ya hau kansa ya zauna, bai haura ba bai sauka ba. Ruwa kuma ya ƙaru a rafi bayan wucewarmu, sai da su Gambi suka yi kwana huɗu kafin su sami komawa gida.

Bayan kwana biyu sai ga Gambi ta dawo ita kaɗai, tana tafe tana dariya tana share hawaye. Ashe wani mai kwalekwale ya hango mu a bakin rafi da farin gwado, ya kai labari kasuwar Illo cewa Saje ya cika a hanya, an binne shi a ƙasar Faransa. 'Yan'uwa suka zo daga Lafagu da Matsinkai, aka yi zaman makoki. Yaya Tumba ta shiga rumbu ta lalubo damin nan nawa, aka daka gumbar sadakar uku aka raba wa jama'a. Na ji kamar an soke ni, ga sauran sati uku kafin tumu ya nuna. Na zauna na yi kuka na gaske. Gambi ta bari na gama, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da curi ɗaya da ta ƙwato.

Saje da ya kwana shida ba abin da ke zama a cikinsa ya ce mene ne wannan. Aka gaya masa. Ya karɓa ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ce zuma ta yi kaɗan, Yaya ta yi masa rowa. Ya cinye tas, kuma ta zauna.

Ni ke taya Kafaral dafa tsummoki a bayan zanar da Saje ke kwance. Mutum ne mara yawan magana, amma aikin hannu yakan kwance baki. Ya ba ni labarin waya mai ƙaya, da ƙanƙarar da ke zuba kamar audugar rimi, da romon ganye da suke sha sau ɗaya a wuni, da yadda tari ya riƙa ɗauke 'yan ƙasarmu ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwar sista Bafaranshiya da aka bari tana shiga wurinsu ita ta koya masa komai. Ba ta da magani, sai tukunya da gishiri da haƙuri, kuma ba ta taɓa tambayar mara lafiya ko shi na wane ɓangare ne ba. Ni da bakina da ba ya shiru, na tambaye shi yadda aka yi aka kama shi.

Ya juya tsummoki da sanda ya ce suna cikin wani ɗakin dabbobi ne da mutum tara da aka harba. Hafsansu ya ce duk mai ƙafa ya gudu. Shi yana da ƙafa, amma tafin hannunsa na kan cinyar wani yaro Bamoshe, in ya ɗaga jini zai yi tsiri.

"Da sunka shigo da bindigogi sunka ce hannu sama, guda niɗ ɗaga. Gudan na da aiki."

Bayan zana tsit, ko tarin da Saje ya saba yi babu.

Ranar mulkin kai ta zo ta same mu a nan. 'Yan kasuwa suka kawo labarin fareti da kiɗa da shinkafar da aka dafa a Illo, wai wani tsohon kuku ne ya ja gaba, yana juya hagu in an ce dama. Na zaci Saje zai yi ta masifa. Sai kawai ya juya fuska ga zana, na kuwa ji tausayinsa har cikin raina.

Kwana uku bayan haka na ɗaga gwado da asuba, na ga fata ta yi yaushi ta tattare, tsakanin ja da layi ya kai faɗin tafin hannu. Na fita da gudu ba ko kallabi. Kafaral ya zo ya latsa nan ya latsa can, ya sa shi ya motsa yatsu, suka motsa duka biyar. Ya jiƙa tsumma ya goge layin gawayin da kansa.

"Hursunana, ƙahwarka taka ta. Gwiwa ba ta koma lanƙwasa kamar da, amma taka ta."

Na rangaɗa guɗa, matan gidan suka fito suka taya ni. Saje bai yi murmushi ba. Ya yunƙura ya zauna, yana kallon ƙasa.

"Kafaral, wane hannu na kaɗ ɗaga?"

Kafaral ya nuna masa na hagu.

"Ba ni gudan."

Ya miƙa masa na dama, da jiƙaƙƙen tsumman a ciki. Saje ya kama shi da hannu biyu ya kifa goshinsa a kai, kafaɗunsa suna rawa. Shekara huɗu ina aurensa ban taɓa ganin hawayensa ba, sai na ja matan muka koma wajen murhu muka ba su wuri.

Ana yankan gero muka dawo gida, da sanda, a ƙasa, ya ƙi hawa jakin da aka ba shi aro. Tafiyar da muka yi a wuni ɗaya da shi a kafaɗa, sai da ta ci mana kwana biyu. Ƙafar ta sandare a gwiwa, yana jan ta yana zaginta. Da ita ya yi noma ashirin da bakwai, da ita ya je Makka, kuma ranar da Allah ya karɓi abinsa, da ƙafafunsa biyu aka binne shi.